Kafin mu aika na'urar numfashi gida, wa zai sayi ruwan?

Ranar Lahadin da ta gabata, a taron wata-wata na ƙungiyar 'yan garinmu mazauna arewacin Ingila, an kawo shawarar a kwashe kuɗin da muka shekara biyu muna tarawa a sayi na'urar taimaka wa numfashi guda biyu, na hannu, a aika wa babban asibitin garinmu. Har an samu dillali, har an fara maganar wanda zai je ya miƙa da irin rubutun da za a manna a jikinsu. Ni kaɗai na ɗaga hannu na ce ban amince ba tukuna. Shugabanmu, dattijon kirki wanda ya girmi mahaifina, ya dube ni ya ce, "'Yata, ke da kike aiki da na'urar nan kullum, ke ce za ki hana mutanenki?" Na ce, "Baba Alhaji, ban hana ba, tambaya ce da ni. Wa zai riƙa sayen ruwan?" Aka kwashe da dariya. Kafin in yi bayani lokacin la'asar ya yi, aka ɗage maganar zuwa zama na gaba. Na kawo ta nan ne saboda na san ba mu kaɗai ba ne. Daga Landan zuwa Jidda zuwa Houston, duk ƙungiyar da ta tara ɗan abin hannu, na'urar numfashi ce ke fara zuwa mata a rai.

Shekarata shida ina aikin jinya a sashen kulawa ta musamman, wanda a gida ake ce wa ɗakin gobe-da-nisa. Sunan nan yana ci mini rai, domin yawancin waɗanda muke karɓa suna fita da ransu. Amma abin da mutane ba su sani ba shi ne, ɗora mutum a kan na'ura ba shi ne babban aikin ba. Likita ƙwararre zai saka bututu cikin minti kaɗan. Sauke shi daga kanta, wato yaye, shi ne inda ake shan wuya, kuma a nan ne maganar ruwa take shigowa.

Baligi yana shaƙar iska kusan lita 10,000 a kowace rana. Duk iskar nan, ko ta hunturun Kano ce ko ta ƙanƙarar Ingila, hanci da maƙogwaro suna ɗumama ta su jiƙa ta, ta yadda kafin ta yi nisa cikin huhu ta kai zafin jiki, digiri 37, kuma ta ƙoshi da laima, kimanin miligiram 44 na ruwa a kowace lita. A jikin hanyoyin iskar akwai wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani, suna kaɗawa dare da rana suna turo majina da ƙura da ƙwayoyin cuta zuwa sama. Ba sa aiki sai da ɗumi da laima. To, ranar da aka zura wa mutum bututu ta baki, ko aka huda masa maƙogwaro ta wuya, an tsallake hancin ke nan gaba ɗaya. Iskar oksijin kuwa, ko daga silinda ta fito ko daga bututun bango, busasshiya ce ƙarau, ga sanyi. In aka bar ta ta shiga a haka, cikin 'yan sa'o'i gashin nan suna daina kaɗawa, majina ta yi kauri, ta daskare a jikin bututu kamar ƙanzon tuwo a gindin tukunya. Bututun da faɗin cikinsa bai wuce milimita 7 ko 8 ba, ƙanzo kaɗan ya isa ya rage shi rabi.

Na ga wannan da idona, kuma laifin nawa ne. A shekarata ta farko, cikin aikin dare, ina kula da wani dattijo Bature mai huda a wuya, wanda aka kusa gama yaye shi. Da rana yana yin sa'o'i yana numfashi da kansa. Jakar ruwan da ke ciyar da tukunyar ɗumama iskarsa ta ƙare, ni kuma ina can ina taimaka wa abokiyar aikina da wani mara lafiyar da jininsa ke sauka. Wajen ƙarfe huɗu na asuba na ga dattijon yana zufa, ƙirjinsa na ɗagawa da ƙyar, lambar oksijin ɗinsa na gangarowa. Na zura robar zuƙe majina, ta ƙi wucewa. Da na zare bututun ciki, sai ga shi ya toshe da busasshiyar majina mai tauri. Na sa sabo, numfashi ya dawo, Allah Ya rufa asiri. Amma ya gaji ƙwarai, dole aka mayar da shi kan na'ura, kuma yayen da muke sa ran gamawa a makon ya ƙara kwanaki. Na rubuta rahoton abin da ya faru da hannuna. Tun daga ranar, in na karɓi aiki, jakar ruwa nake fara dubawa kafin in dubi allon na'ura.

Hanya biyu ake bi a maye gurbin hancin. Ta farko tukunya ce ƙarama mai aiki da lantarki, iska na bi ta kan ruwan ɗumi ta ɗauki laima, sannan ta bi ta tiyo mai waya a ciki don kada ta huce ta zama raɓa kafin ta isa. Wannan ita ke iya kai wa miligiram 44 ɗin. Tana buƙatar wutar da ba ta yankewa, da ruwan asibiti wanda aka kashe wa ƙwayoyin cuta, da tiyo da tukunyar roba waɗanda ake jefarwa bayan mara lafiya ɗaya. Ta biyu wata 'yar roba ce da ba ta kai dunƙulen hannu ba, HME muke kiranta a wurin aiki, ni kuwa hancin aro nake ce mata. Tana kama ɗumi da laimar da mutum ya fitar, ta mayar masa a shaƙa ta gaba. Ba ta cin wuta, ba ta shan ruwa, kuma kuɗinta a nan bai kai na abincin rana ba. Ƙa'idar da ƙungiyar masu kula da numfashi ta Amurka ta fitar a 2012 ta ce kada abin da hancin aro zai bayar ya gaza miligiram 30 a lita.

Akwai albishir ga asibitocin da ba su da ƙarfi. Wani babban bita na Cochrane da ya fito a 2017, wanda ya haɗa gwaje-gwajen da aka yi a kan hanyoyin biyu, bai ga wani bambanci a fili ba tsakaninsu wajen toshewar bututu, ko ciwon huhu, ko mutuwa. Wato ga yawancin masu kwance a kan na'ura, 'yar robar nan ta wadatar. Sai dai a lokacin yaye labarin yakan sauya. Hancin aro yana ƙara wani fili da iska ke tsayawa ba ta kai huhu ba, a wasu samfuran har mililita 50 ko fiye, alhali duk shaƙar mutum ɗaya ba ta wuce 400 zuwa 500 ba. Yana kuma ƙara nauyin jan iska, musamman in ya jiƙe da majina. Ga mai ƙarfi wannan ba komai ba ne. Ga wanda ya yi mako uku a kwance, naman numfashinsa ya saki, ɗan nauyin nan yana iya zama dalilin faɗuwarsa gwajin yaye, a ce bai shirya ba alhali robar ce ta gajiyar da shi. Haka nan in majina ta yi kauri ko tana da jini, ko jikin mutum ya yi sanyi sosai, ba a amfani da shi. Ke nan asibitin da ke son yaye masu wuyar yaye ba shi da makawa sai ya mallaki tukunyar ɗumi, ko da guda biyu ce.

Ita kuma kwalbar nan da ake maƙalawa a bakin silinda, wadda ruwa ke ɓulɓula a ciki, wadda duk wanda ya taɓa jinya a gida ya sani, kada ta ruɗe mu. Iska mai zafin digiri 20, ko ta ƙoshi iya ƙoshi, ruwan da za ta iya ɗauka bai wuce miligiram 17 a lita ba. Ba sakaci ba ne, haka Allah Ya yi iska: sai ta ɗumama take ɗaukar ruwa da yawa. Kwalbar ba ta ɗumama komai. In kuma da ruwan famfo ake cika ta, ana ƙari a kan na jiya, ta zama gidan ƙwayoyin cuta da ake hura wa mara lafiya kai-tsaye. Ƙa'idar bayar da oksijin ta ƙungiyar likitocin ƙirji ta Birtaniya, ta 2017, ta ce a daina amfani da ita. Wanda ake ba lita 2 ko 3 ta hanci, hancinsa na aiki, ba ya buƙatarta. Wanda aka huda wa wuya kuwa, ba ta isarsa.

Bayan an zare bututu ma ba a tsira ba. Cikin kowane mutum goma da aka cire wa, ɗaya zuwa biyu sukan kasa, a sake mayar musu, kuma waɗanda aka mayar wa sun fi shiga haɗarin ciwon huhu da mutuwa. A shekaru goman nan abin da ya fi sauya aikinmu shi ne wata hanya ta tura iska mai ɗumi da laima ta hanci da ƙarfi, har lita 60 a minti. Ba don ɗumin da laimar ba, babu mai iya jure irin wannan iskar ko na minti goma. A 2016 mujallar JAMA ta buga wani gwaji da aka yi a Sifaniya a kan mutum 527 waɗanda ba a ɗauke su masu babban haɗari ba: cikin waɗanda aka ba oksijin yadda aka saba, kashi 12.2 cikin ɗari aka sake saka wa bututu cikin kwana uku, cikin waɗanda aka ba iska mai ɗumin kuwa kashi 4.9. A 2019 wani gwajin a Faransa, a kan masu babban haɗari su 641, ya nuna in aka haɗa ta da takunkumin da ke tura iska, masu komawa kan bututu sun ragu daga kashi 18 zuwa kusan 12. A sashenmu yanzu, kafin likita ya zare bututu, na'urar ɗumin tana gefen gado ta riga ta yi zafi.

To, mu yi lissafin da ban samu yi a taro ba. Lita 60 a minti, kowace lita da miligiram 44, ya kama ruwa kusan mililita 160 a awa, wato dab da lita 4 a kwana ɗaya, ga mutum ɗaya. Ruwan asibiti, ba fiya-wata ba. In kuma ana son kashi 60 cikin ɗari na iskar ya zama oksijin, za a riƙa zuƙar kimanin lita 30 a minti. Babbar silinda mai cin lita 6,800 ba za ta kai awa huɗu ba. Silinda shida zuwa bakwai ke nan a rana. Duk wanda ya taɓa sayen oksijin wa ɗan'uwansa a gida ya san abin da wannan ke nufi ga aljihun iyali. Shi ya sa ni ma ba na cewa a bar na'urar numfashi a sayi wannan a aika haka kawai. Ita ma in ba oksijin da wuta, kayan ado ce.

Maganar wuta kuwa ba sai na tsawaita ba. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ibadan, wanda ya girmi duk asibitocin koyarwa na ƙasar, ya yi fiye da kwana 100 a yanke daga wutar kamfani tun daga ƙarshen 2024, saboda bashi. In haka ta samu Ibadan, ina ga babban asibitin ƙaramar hukuma? Na'urorin numfashi na da batir da zai riƙe su na ɗan lokaci. Yawancin tukwanen ɗumi ba su da shi. Wuta na ɗaukewa suke mutuwa, na'ura ta ci gaba da hura busasshiyar iska, allo na nuna komai lafiya.

Mun taɓa ganin wannan wasan. A watan Afrilun 2020 Ma'aikatar Kuɗi ta Najeriya ta roƙi Elon Musk na'urorin numfashi a Twitter, aka yi ta surutu har ta goge. A watan Agustan shekarar Amurka ta miƙa wa Najeriya guda 200. Gaba ɗaya Amurka ta raba sama da 8,700 ga ƙasashe 43, kuma daga baya ofishin binciken kuɗin gwamnatinta ya ce hukumar da ta raba ba ta da cikakken bayanin inda da yawansu suke. Tun kafin korona ma, wani bincike na 2011 da ya duba kayan asibiti sama da 100,000 a ƙasashe 16 masu tasowa ya samu kusan kashi 38 cikin ɗari ba sa aiki, kuma cikin manyan dalilan akwai rashin horo da rashin tsarin kula. Na'ura tana da kyau a hoto. Gwamna zai tsaya kusa da ita, mu ma 'yan ƙungiya za mu tsaya. Ba wanda ke yanka ƙyalle don katan ɗin hancin aro, shi ya sa ba ya shiga kasafi. Daga ƙarshe takarda ake rubuta wa 'yan'uwan mara lafiya su je kemis su nemo, in ba a samu ba a wanke na jiya a mayar, ko a haƙura da shi.

A farkon 2025 mujallar Lancet ta buga wani bincike da ma'aikatan lafiyar Afirka suka yi da kansu, a asibitoci 180 cikin ƙasashe 22, a kan majinyata kusan 20,000. Sun samu ɗaya cikin takwas na waɗanda ke kwance yana cikin mawuyacin hali, kuma ɗaya cikin biyar na waɗannan ya rasu cikin mako guda. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, kusan kashi 69 cikin ɗari nasu a ɗakunan kwanciya na gama-gari suke, ba a sashen kulawa ta musamman ba, kuma kusan rabin masu fama da numfashi ko oksijin ba sa samu. A shekarar dai, kwamitin Lancet kan oksijin ya ce a Afirka kudu da Sahara, cikin mutum goma masu buƙatarsa kusan ɗaya ne ke samu. Babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri kan oksijin tun watan Mayun 2023, Najeriya ma tana da tsarinta na 2023 zuwa 2027. Takardu dai akwai su.

Ga kuma wani abu da littattafan da muka karanta a nan ba su damu da shi ba, domin ba su san shi ba: hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu laimar iska a Kano da Katsina da Maraɗi takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Mai lafiya ma leɓensa na tsagewa, yara na haɓo. Yanzu a ɗauki wanda aka huda wa wuya saboda tetanus, ko hatsarin babur, ko shanyewar jiki, an sauke shi daga na'ura an mayar da shi ɗakin gama-gari, taga a buɗe, fanka na juyawa, nas ɗaya na kula da gado talatin. Iskar nan mai ƙura kai-tsaye take shiga huhunsa. In bututunsa ya toshe cikin dare ba zai iya kiran kowa ba, domin ba shi da murya. Ko a Birtaniya, wani bincike na ƙasa da aka fitar a 2014 kan masu huda a wuya ya nuna toshewa da gocewar bututu na cikin manyan abubuwan da ke cutar da su, har aka matsa a kan horar da ma'aikata da ajiye kayan gaggawa a gefen kowane gado. A gida, irin wannan mutuwar sai a ce ciwon ne ya ci ƙarfinsa, kwana ya ƙare. Kwana na ƙarewa, na yi imani da haka. Amma bututun ciki da za a zare a wanke cikin minti biyu shi ma sababi ne.

Na san abin da za a ce mini, wani ƙanena ma ya riga ya faɗa a waya: asibitin da ba shi da na'ura ko ɗaya, wa zai yaye? Gaskiya ne. Akwai matar da jijjigar haihuwa za ta kama, akwai yaron da maciji zai sara numfashinsa ya tsaya, waɗanda kwana biyu a kan na'ura ne tsakaninsu da komawa gida. Ba na raina wannan. Kuma ni ce ta ƙarshe da ya kamata ta yi wa kowa wa'azi, tunda ina cikin dubban ma'aikatan jinyar da suka baro ƙasar, kuma rashinmu na cikin abin da ya sa nas ɗaya ke riƙe da gado talatin. A sashenmu, mai bututu nas ɗaya gare shi shi kaɗai, dare da rana. Duk da haka jakar ruwa ta ƙare a hannuna.

Abin da zan kai wa zama na gaba shi ne a sayi na'ura ɗaya maimakon biyu, kuma kada a biya dillali sai mun ji daga bakin ma'aikatan asibitin, ba shugabansa kaɗai ba. Nas nawa ne suka taɓa kula da mai bututu? Daga ina oksijin ke zuwa, kuma kwana nawa yakan yanke? In wuta ta ɗauke ƙarfe biyun dare, minti nawa kafin a tada janareta? Tiyon da na'urar ke amfani da shi ana samunsa a Kano ko Legas, ko sai an yi oda daga Turai? Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci, don na'urorin hannu da yawa kamfanoninsu sun daina yi musu kayan. Kuɗin ta biyun kuma a raba shi: tukunyar ɗumi da tiyonta, hancin aro na shekara guda har da ƙananan da ake maƙala wa masu huda a wuya, bututun wuya masu na ciki da ake zarewa, injin zuƙe majina wanda ake takawa da ƙafa don ranar da ba wuta, da batir da sola da za su riƙe gado biyu. Ruwan kuwa a can za a riƙa sayensa, don ba a ɗauko ruwa daga Ingila, sai dai mu ware masa kuɗi duk wata mu kuma nemi rasit.

Horon ma'aikata na ɗauka a kaina. Ni da wata 'yar'uwa da ke aiki a irin sashen nan a Riyad mun yi magana, za mu iya yin darasi ta bidiyo duk mako, in na je hutu a Disamba kuma in yi mako ɗaya a asibitin in sun yarda. Na tura wa matron ɗinsu tambayoyin nan tun ranar Talata. Ta amsa ɗaya zuwa yanzu: injin zuƙe majina ɗaya gare su mai aiki, kuma yana ɗakin tiyata.